Kalmar "acquiesce" ta Ingilishi: yarda ce, ko haƙura, ko shiru ne kawai?

Mai Fassara, Birni:

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ƴan'uwa na wannan zaure, ina neman taimakonku a kan wata kalma ta Ingilishi da ta tsaya mini a rai. Aikina fassara takardu ne a wata ƙungiya a nan Damagaram, kuma kamar yawancinmu da Faransanci na yi karatu, Ingilishina kuwa bai wuce abin da aka koya mana a makaranta ba, sai ɗan abin da na ƙara da kaina. Tun da kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a nan Nijar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ana yawan kawo mini takardun Ingilishi a ce in juya su zuwa Hausa kai tsaye.

A cikin wani rahoto kan rabon lokutan ɗiban ruwa a wata rijiyar burtsatse, tsakanin masu shayar da dabbobi da matan da ke ɗiba don aikin gida, na tarar da wannan jimla: "The village heads acquiesced in the new timetable." Da ganin kalmar sai "acquiescer" ta Faransanci ta zo mini, wadda na sani da ma'anar amsawa da "to" ko gyaɗa kai, don haka hankalina ya karkata ga cewa masu gari sun amince da sabon tsarin. Sai dai wani abokin aikina da ya yi karatu a Kano ya ce ta Ingilishin tana ɗauke da rashin so, wato mai rahoton yana nufin ba da son ransu suka karɓa ba. Abin da ya hana ni ɗaukar batun da sauƙi shi ne, a gaban masu garin za a karanta fassarar. Idan na ce sun amince alhali ba su taɓa furta hakan ba, za su ce an yi musu ƙage, idan kuma na ce an tilasta musu, na ɗora wa waɗanda suka shirya zaman laifin da mai rahoton bai ɗora musu ba.

Ina roƙon a bayyana mini ainihin ma'anar kalmar da yadda ake amfani da ita, a gaya mini ko daidai take da ta Faransancin, sannan masana Hausa su nuna mini abin da ya fi dacewa in rubuta. Allah ya saka da alheri.

Malamin Ingilishi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya fi kusa da gaskiya, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda suka fi yaudarar wanda ya fara da Faransanci, domin kamar da ke tsakanin kalmomin biyu ba ta haɗari ba ce. Dukansu daga Latin suka fito, daga "acquiescere", wadda aka gina a kan "quies", ma'ana hutu ko natsuwa. Daga wannan tushen ne Ingilishi ya sami "quiet", Faransanci kuma ya sami "quiétude" da kishiyarta "inquiétude". Ingilishi ya ari kalmar a farkon ƙarni na 17, kuma asalin abin da take nufi shi ne mutum ya natsu a kan wani abu ya daina motsi game da shi. Daga nan kowane harshe ya ja ta inda ya so. A Faransancin yau, idan ka karanta "il acquiesça" a cikin labari, mutumin ya gyaɗa kai ne ko ya ce "haka ne", kuma yana iya yin hakan da murmushi da farin ciki. Ingilishi kuwa shirun ya riƙe, ya bar gyaɗa kan.

Idan mai magana da Ingilishi ya ce wani "acquiesced", abubuwa ne a haɗe yake gaya maka. Shawarar ba daga mutumin ta fito ba, kawo masa ita aka yi. Yana da bakin magana da damar da zai ce bai yarda ba. Amma bai faɗa ba, ko kuwa ya faɗa ya ga ba ta da amfani ya bari, abin ya ci gaba da gudana a gabansa. Rashin son da abokin aikinka ya ambata daga nan yake fitowa, domin wanda abu ya yi wa daɗi ba shiru yake yi ba, yabawa yake yi. Shi ya sa za ka riƙa cin karo da "reluctantly acquiesced" a jaridu, amma idan ka haɗa kalmar da wata mai nuna ɗoki ko murna, kunnen mai harshen zai ji wani iri, sai dai idan ba'a ake yi.

Ta fuskar nahawu, kalmar ba ta ɗaukar karɓau kai tsaye, dole sai da harafi a tsakani. Ba a cewa "acquiesced the plan". Tsohuwar hanya, wadda marubutan Ingila suka fi riƙewa, ita ce da "in", kamar yadda ya zo a rahotonka, sai kuma "to" wadda ta yaɗu ƙwarai, musamman a Amurka, kamar a ce "She acquiesced to her father's wishes". Duka biyun karɓaɓɓu ne, kuma ɗalibanmu sun fi saurin kama ta biyun saboda ta yi daidai da "acquiescer à". Sunan aikin shi ne "acquiescence", ba a yi masa irin ƙarshen "acquiescement" na Faransanci, siffar kuma "acquiescent", wadda idan aka jingina wa mutum ko majalisa akwai ɗan zargi a ciki, na cewa ba sa iya cewa a'a. Ana furta aikatau ɗin kamar "akwiyes", da ƙarfi a gaɓar ƙarshe. Kalma ce ta rubutu, ta rahoto da jarida da kotu, a hira ta yau da kullum "gave in" ko "went along with it" za ka ji.

Zai taimaka a san maƙwabtanta, don kowace da gurbinta. "Agree" ra'ayi ne ya zo ɗaya. "Consent" izini ne da aka bayar, galibi a bayyane, irin wanda likita ke nema kafin aiki. "Concede" na wanda aka yi gardama da shi ne ya amsa cewa an fi shi hujja, ko ɗan takarar da ya amsa shan kaye. "Relent" na mai iko ne da ya tsaya kan bakansa sannan ya sauko, kamar uban da ya hana daga baya ya bari. "Resign oneself" ita ce ta yi daidai da "se résigner", ana yin ta a kan abin da ba makawa, kamar rashi ko fari. "Submit" kuwa akwai ƙarfi a bayanta. Da Faransanci zan mayar da jimlarka, ba zan taɓa "acquiescer" ba, "accepter sans protester" zan rubuta. A Hausa kuma ina ganin "masu gari sun haƙura da sabon tsarin" ta isa, amma na bar wa masu fannin.

Mai Nazarin Hausa, Zango:

Malam, Allah ya ƙara sani, bayaninka na Ingilishin ya gamsar. A kan "haƙura" ne kawai zan nemi a ba ni dama in saɓa maka, saboda dalilai biyu. Na farko, "haƙura da abu" tana da fuska biyu a bakinmu: wanda ya ce ya haƙura da tafiyar Kano yana nufin ya fasa ta ne, don haka mai sauraro yana iya fahimtar cewa masu gari sun bar tsarin, akasin abin da ake nufi. Na biyu, ko an fahimce ta daidai, haƙuri a wurinmu yana zuwa ne bayan an yi wa mutum ba daidai ba ko ya yi asara, shi ya sa ake "ba da haƙuri". Idan aka karanta a bainar jama'a cewa sun haƙura, an riga an yanke hukunci cewa an cuce su, kuma mai rahoton bai ce haka ba.

Sauran kalmomin da ke kusa ma kowace da nata nauyin. "Dangana" ta abin da Allah ya ƙaddara ce, ita ta dace da abin da Malam ya faɗa na rashi da fari, ba a dangana a kan jadawalin da mutane suka zauna suka tsara. "Saduda" da "miƙa wuya" suna nuna an kai ruwa rana an ci ƙarfin mutum, kuma ban ga mai garin da zai zauna a karanta masa haka a gaban talakawansa ba. "Kawaici" da "kara" sun fi kusa ta wajen shirun, amma su suna bayyana dalili, wato kunya ko ganin girman wani, alhali kalmar Ingilishin ba ta faɗi dalili ba. Akwai kuma "zuba ido" da "kawar da kai", waɗanda su ne daidai idan abin da aka yi shiru a kansa ɓarna ne, kamar shugaban da ya ga na ƙasa da shi suna cin dukiyar jama'a bai tsawata ba. Na sha ganin "acquiescence" a irin wannan gurbin, kuma a can "zuba ido" ba ta da na biyu.

Abin da nake gani shi ne kada Malam Mai Fassara ya wahalar da kansa wajen neman kalma ɗaya. Hausa da jimla take faɗin wannan, kuma tana faɗinsa da kyau. Idan babu wani wuri a rahoton da ya nuna sun yi ƙorafi, zan rubuta: "Masu gari ba su ja da sabon tsarin ba, suka bari aka yi aiki da shi." Idan kuwa rahoton ya nuna tun farko ba su so ba, sai a ce: "Masu gari sun karɓi sabon tsarin, ko da yake ba don ransu ya so ba." Ta farkon ta fi aminci, domin abin da idon kowa ya gani kawai ta faɗa, ba ta shiga zuciyar kowa ba.

Ina kuma zaton mai rahoton ya san abin da yake yi da ya kauce wa "agreed". Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙauye ya san dattijo yana da hanyoyi da yawa na rufe magana ba tare da ya ɗaure kansa ba. "To, mun ji" ba "mun yarda" ba ce. "Yadda kuka gani" mayar maka da nauyin abin ne, in ya ɓaci kai ka gani. "Allah ya sa haka ya fi alheri" addu'a ce, kuma sau da yawa wanda bai gamsu ba ne yake yin ta. Baƙon da bai san wannan ba zai tashi daga taro yana murna an amince masa, bayan wata biyu ya dawo ya tarar kowa ya koma yadda yake yi da.

Tarihin garin nan ma ya nuna hakan. Faransawa sun shiga Zinder, wato Damagaram, a 1899, aka ci gaba da zama a ƙarƙashinsu, wanda mai kallo daga waje zai iya kira karɓa. A 1906 sai ga su sun tuɓe sarki bisa zargin shirya musu tawaye. Marubutan tarihi da Ingilishi suna yawan amfani da wannan kalma a kan irin waɗannan shekaru na farkon mulkin mallaka, saboda ba ta ce an so ba, ba ta kuma ce an yi faɗa ba.

Mai Fassara, Birni:

Malam da Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu guda da bai warware mini ba. A ƙamus ɗin da ke hannuna an fassara kalmar da karɓar abu ba tare da gardama ba, a wani kuma an ƙara cewa ba da son rai ba. Shin rashin son yana cikin kalmar a kowane lokaci, ko mai karatu ne yake hasashensa? Sannan idan shiru kawai suka yi, akwai abin da ya hau kansu, ko gobe suna iya cewa su ba su taɓa yarda ba a koma farko?

Ɗalibin Shari'a, Jami'ar André Salifou:

Malam Mai Fassara, da izinin malamaina zan amsa daga ɓangaren da nake karanta. A harshen shari'a rashin so ba sharaɗi ba ne ko kaɗan. Alƙali ba ya tambayar abin da ke ranka, abin da yake tambaya shi ne ko ka sani, ko kana da halin yin magana, da kuma ko ka yi. Idan ka sani, kana da hali, ka yi shiru har wani ya gina al'amarinsa a kan shirunka, to an ce ka yi "acquiescence", kuma tana iya cinye maka haƙƙi. Don haka ƙamus ɗinka biyu duk ba su yi kuskure ba: na farkon ya kawo ƙashin ma'anar, na biyun ya ƙara abin da aka saba ji a cikinta a rubutun yau da kullum.

Shari'ar da aka fi koyar da mu a kan wannan ita ce ta haikalin Preah Vihear, tsakanin Kambodiya da Tailan, wadda Kotun Duniya da ke birnin La Haye ta yanke ranar 15 ga Yuni, 1962. Yarjejeniyar 1904 tsakanin Faransa, wadda ke riƙe da Kambodiya a lokacin, da ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, ta ce iyaka za ta bi layin da ruwan sama ke rabuwa a kan tsaunuka. Jami'an Faransa suka zana taswira, aka miƙa wa Siyam a 1908, kuma taswirar ta sanya haikalin a ɓangaren Kambodiya. Siyam ta karɓa ba ta ce komai ba. A 1930 wani babban yarima na Siyam, Damrong, ya ziyarci wurin, jami'in Faransa ya tarbe shi a matsayin mai masauki, tutar Faransa tana kaɗawa, nan ma ba a aika da wata takardar ƙorafi ba. Da aka zo kotu Tailan ta ce taswirar ta saɓa wa yarjejeniyar, kuma ita ba ta taɓa amincewa da ita ba. Kotun ta ce yanayin yana buƙatar a yi magana cikin lokacin da ya dace, ba a yi ba tsawon shekaru masu yawa, saboda haka an ɗauka an karɓa. Alƙalai 9 suka ba Kambodiya haikalin, 3 suka saɓa. A cikin hukuncin an kawo tsohuwar ƙa'idar Latin da ke cewa mai shiru ana ɗaukarsa ya yarda idan ya kamata ya yi magana kuma yana da ikon yi. Karin maganar Faransanci da muka sani, "qui ne dit mot consent", gajeren wannan ne, sai dai ya zubar da sharuɗɗan biyu, kuma a cikinsu adalcin yake.

Misali na kusa da mu ya nuna ɗaya fuskar. A shari'ar iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya, wadda aka yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002, mutane sun fi tuna Bakassi, amma akwai ɓangaren Tafkin Chadi, inda ƴan Najeriya suka bi ruwa yana janyewa suka kafa garuruwa irin su Darak. Najeriya ta kafa hujja da cewa ta daɗe tana gudanar da mulkin waɗannan garuruwa kuma Kamaru ta zuba ido. Kotun ba ta karɓa ba, domin akwai takardun zamanin Turawa da suka riga suka tsayar da iyakar, kuma Kamaru ba ta saki haƙƙinta ba, ta kai ƙorafinta a rubuce a 1994. Kalma ɗaya ce aka yi ta gardama a kanta a shari'o'in biyu, abin da ya raba su shi ne wani ya yi magana, wani bai yi ba.

Ina so in ɗan gyara abu guda game da Faransancin, ba don Malam ya yi kuskure ba, sai don abin da ya faɗa na harshen yau da kullum ne. A harshen kotu "acquiescement" tana da nata ma'anar ta musamman. A dokar shari'ar farar hula ta Faransa, sashe na 408 zuwa 410, wanda ya yi "acquiescement" ga ƙara ya amsa cewa mai ƙara yana da gaskiya, wanda ya yi ga hukunci kuma ya sallama damarsa ta ɗaukaka ƙara. Dokar ta ce ana iya yin hakan a bayyane ko ta hanyar aiki, kamar mutum ya zartar da hukuncin da bai riga ya zama dole ba, ba tare da ya gindaya wani sharaɗi ba. A nan harsunan biyu sun kusanci juna fiye da yadda suke a littattafan labari. Wannan ne ma dalilin da ya sa lauyoyi ke rubuta "sous toutes réserves" a takardunsu, masu Ingilishi kuma su rubuta "under protest" idan za su biya abin da suke jayayya a kansa, don kada biyan ya zama hujja a kansu.

Game da masu garinka, rahoton ƙungiya ba hukuncin kotu ba ne, bai ɗaure kowa ba. Amma idan aka yi shekaru ana bin tsarin, makiyaya suka saba da lokacinsu, sannan rikici ya tashi aka je gaban hakimi ko alƙali, wannan rahoton yana cikin abin da za a ɗauko, kuma tambayar farko ita ce me ya hana su magana tun a lokacin.

Almajirin Malamai, Garin Malam:

Assalamu alaikum. Ni ba ni da Ingilishi, amma da na karanta bayanin ɗanmu ɗalibin shari'a sai na ga mas'alar da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da tattaunawa ce, kuma sanin yadda suka warware ta zai taimaki mai fassara, tun da mutanen da za a karanta wa takardar da wannan ma'aunin suke auna abubuwa, ko sun yi karatu ko ba su yi ba.

Asalin ƙa'idar ita ce ba a jingina wa mai shiru magana, kuma ana danganta lafazinta ga Imamu Shafi'i. Malamai suka cika ta da cewa shiru a inda ake buƙatar bayani shi ma bayani ne. Misalin da kowa ya sani shi ne na budurwa a wajen aure, inda hadisi ingantacce ya ce izininta shi ne shirunta, saboda kunya tana hana ta furtawa. Sai dai malaman Malikiyya sun ce an so a sanar da ita tun farko cewa shirun nata za a ɗauke shi izini, domin kada a kama ta da abin da ba ta san hukuncinsa ba. Kuma idan ƙi ya bayyana, shiru ya tashi daga aiki: Khansa'u ƴar Khidam, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya warware auren.

Ya kamata kuma a raba wannan da tilas, wanda malamai ke kira ikrahi. Wanda aka tsare da barazana ga ransa ko jikinsa har ya furta abu, ba a kama shi da furucin, kamar yadda aya ta 106 a Suratun Nahli ta cire wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Malam Mai Fassara ya yi daidai da ya guji "an tilasta musu", domin mai sauraro zai ji cewa abin da aka ƙulla ɓatacce ne tun daga tushe. Wanda bai so ba amma ya bari daban, wanda aka ƙwace wa zaɓi daban.

Abin da ya fi kama da shari'ar haikalin nan a wurinmu shi ne hauzi, wato daɗewa ana riƙe da dukiya ba mai jayayya. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce wanda ya riƙe gida shekara 10 ana jingina masa shi, mai gidan yana nan a gari, yana sane, bai yi da'awar komai ba, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Sharuɗɗan sun yi kama da waɗanda ɗanmu ya lissafa, wato halarta da sani da rashin abin da ya hana magana, shi ya sa wanda ya yi tafiya mai nisa ko yake tsoron azzalumi ba ya rasa haƙƙinsa da shiru. Nan take kuma littafin ya ƙara da cewa babu hauzi tsakanin dangi da surukai a irin wannan muddar, malamai suka tsawaita ta har wajen shekara 40, saboda sun san ɗan'uwa yana ganin ɗan'uwansa a gonarsa ya yi kara, suruki yana jin nauyin surukinsa ya kasa buɗe baki. Wannan togaciya tana da muhimmanci a ƙauyukanmu, inda mai gari da ardo da limami da wanda ya kawo aikin rijiyar sau da yawa akwai auratayya ko tsohon zumunci a tsakaninsu. Don haka shawarata ita ce a rubuta jimlar farko da Malama ta kawo, sannan wanda zai karanta ya dakata a daidai wurin ya sanar da masu garin a fili cewa haka aka rubuta game da su, kuma za a ci gaba da aiki da tsarin a kan haka, mai magana ya yi ta yanzu a ƙara a takardar.